Faifan Da Masu Shi Ba Sa So A Ji

Yau dai sai kun yi haƙuri da ni, domin ba labarin soyayya na zo da shi ba, ba kuma sharhin wani littafi ba. Maganar wani tsohon faifan garmaho ce ta daɗe tana yi min yawo a zuciya, na ga gara in amayar da ita in huta.

A cikin duk faya-fayan da ke ɗauke da sunan Beatles, wato samarin nan huɗu 'yan Ingila da suka rikita duniya da kiɗa daga 1963 zuwa 1970, babu wanda ya kai munin sauti kamar wanda aka ɗauka a wani gidan rawa mai suna Star-Club da ke birnin Hamburg na ƙasar Jamus, a ƙarshen watan Disamba na 1962. Murya a dusashe kamar daga cikin rijiya take fitowa, ganga ta danne jita, ga ƙarar kwalabe, ga hayaniyar mashaya. Su kansu masu waƙar sun shafe shekara 21 suna neman hanyar da za su binne shi. Amma ni, in gaya maka gaskiya mai karatu, shi na fi saurare a kan sauran faya-fayansu da aka wanke aka goge a sitidiyo. Kafin in faɗi dalili, bari mu koma baya kaɗan, domin wanda bai san inda yaran nan suka fito ba, ba zai ji komai a faifan ba sai surutu.

Liverpool da mu a nan muka fi sani da ƙwallon ƙafa, gari ne na bakin teku, garin ma'aikatan jirgin ruwa, wanda ya sha ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. A tsakiyar shekarun 1950 wani irin kiɗa ya shigo wa samarin Ingila, kiɗan marasa kuɗi, wanda wani mawaƙi Lonnie Donegan ya yayata. Ba ya buƙatar komai sai jita mai araha, da allon wanki na ƙarfe da ake kankara da yatsu, da akwatin katako na ganyen shayi da aka kafa wa sandar tsintsiya aka ɗaura igiya guda. Da irin waɗannan tarkacen John Lennon ya haɗa abokansa na makarantar Quarry Bank, suka sa wa kansu suna Quarrymen. Ko jitar ma bai iya ta yadda ya kamata ba, domin mahaifiyarsa Julia da ta koya masa, banjo ta iya, shi ta ɗora shi a kai.

Ranar 6 ga Yuli 1957 suka yi wasa a wani bikin cocin St Peter da ke unguwar Woolton. John yana da shekara 16. Wani abokinsu ya zo da wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Paul McCartney, wanda ya karɓi jita ya saita musu wayoyinta, ya kuma rera musu waƙar Eddie Cochran tun daga farko har ƙarshe bai manta kalma ɗaya ba. To ga ikon Allah: a wannan ranar wani matashi ɗan ƙungiyar samarin cocin ya zo da rikoda ƙirar Grundig, ya ɗauki ɗan abin da ya samu na wasan. Ya ajiye tef ɗin shekara da shekaru, sai a 1994 aka kai shi gwanjo a Landan, kamfanin EMI ya saye shi fam 78,500. Ka ji tun ranar farko akwai mai rikoda a gefe.

A 1958 George Harrison ya shigo, yaro ƙarami da John ya so ya raina saboda shekarunsa, amma yatsunsa suka ƙwatar masa wuri. A wannan shekarar suka tara kuɗi suka je gidan wani mutum Percy Phillips, wanda ya mayar da ɗaki guda na gidansa wurin ɗaukar murya. Sule 17 da sisi suka biya. Aka yanka musu faifai ƙwaya ɗaya tak, irin mai laushin nan da ke ƙara lalacewa duk lokacin da allura ta bi ta kansa. Gefe guda waƙar Buddy Holly, ɗaya gefen kuma tasu ta kansu, "In Spite of All the Danger". Suka yi yarjejeniya kowa zai riƙe faifan mako guda ya miƙa wa na gaba. Da ya iso hannun mai kaɗa musu fiyano, John Duff Lowe, sai makonsa ya zama shekara 23. A 1981 ya yi niyyar kai shi gwanjo, Paul ya ji labari ya saye abinsa. Sauran jama'a ba su ji waƙoƙin a faifai na halak ba sai 1995, da aka sa su cikin Anthology 1.

Wani abu da ke taɓa ni a wannan lokacin shi ne, yaran nan biyu marayu ne. Mahaifiyar Paul ta rasu a 1956 da ciwon daji, Julia kuma mota ta buge ta a Yulin 1958. Allah Sarki.

Yanzu sai Hamburg, inda nake so in ɗan zauna. A watan Agusta na 1960 wani ɗan kasuwar Liverpool, Allan Williams, ya loda su a motarsa ya ƙetara da su Jamus. Su biyar ne a lokacin: John, Paul, George, da Stuart Sutcliffe, mai zane, abokin John, wanda ya sayar da wani zanensa ya sayi jitar bes ba tare da ya iya ta ba, sai Pete Best mai ganga da suka ɗauka ana saura 'yan kwanaki tafiya. Ranar 17 ga Agusta suka fara wasa a wani ƙaramin kulob mai suna Indra, a unguwar St Pauli, unguwar da ta yi suna wajen giya da karuwai da 'yan daba da ma'aikatan jirgi masu neman inda za su ƙarar da albashi. Ba yabon wurin nake yi ba, Allah Ya tsare mu da zuri'armu. Ina faɗin abin da ya faru ne.

Mai kulob ɗin, Bruno Koschmider, ya ba su masauki a bayan majigin wani tsohon gidan silima nasa, Bambi Kino, wasu 'yan ɗakuna marasa taga kusa da ban-ɗaki. A ruwan ban-ɗakin suke wanke fuska. Kullum dare sai sun yi awa huɗu zuwa shida a kan dandamali, kwana bakwai a mako. Yi lissafi da kanka mai karatu: waƙa ɗaya ba ta wuce minti biyu da rabi, to waƙa nawa mutum zai haddace kafin ya cike awa shida? Dole ta sa suka kwashi duk abin da kunnensu ya taɓa ji, na Chuck Berry, na Little Richard, na Carl Perkins, na Ray Charles, har da tsofaffin waƙoƙin da iyayensu ke saurare a rediyo. In waƙa ta ƙare lokaci bai cika ba, sai a ja ta a miƙe ta kamar danƙo. Shi kuma Koschmider yana tsaye yana yi musu tsawa da Jamusanci cewa su motsa jiki, su yi abin da zai jawo masu wucewa su shigo su sayi giya. In barci ya taso, masu raba giya su miƙo musu ƙwayar Preludin, wadda asalinta maganin rage ƙiba ce amma tana hana runtsawa.

Dare 48 suka yi a Indra kafin maƙwabta su kai ƙarar hayaniya a mayar da su Kaiserkeller. A can suka riƙa karɓa-karɓa da wata ƙungiyar 'yan garinsu, Rory Storm and the Hurricanes, wadda mai gangarta sunansa Ringo Starr. Zuwan farko bai ƙare da daɗi ba. Hukuma ta gano George shekararsa 17, ba shi da izinin aikin dare, aka kore shi a watan Nuwamba. Paul da Pete ma aka tasa ƙeyarsu bisa zargin sun nemi cinna wa gidan silimar wuta. Amma sun koma a 1961, suka yi dare 92 a jere a kulob ɗin Top Ten. Stuart ya bar kiɗa ya zauna a Hamburg tare da budurwarsa Astrid Kirchherr, wadda ta ɗauki hotunansu na wancan zamanin da har yau ake bugawa. Ranar 10 ga Afrilu 1962 jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa ya mutu yana da shekara 21.

In aka haɗa zuwansu biyar, sun yi fiye da dare 250 suna wasa a wannan gari. John da kansa ya sha faɗin cewa Liverpool ce ta haife shi amma Hamburg ce ta raine shi, kuma mafi kyawun wasansu an yi shi ne kafin a san su, ba a kuma ɗauke shi ba. Riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ba sai na ja ba. Brian Epstein, mai shagon sayar da faifai, ya gan su a kulob ɗin Cavern a Nuwamban 1961 ya zama manajansu, ya raba su da rigunan fata ya sa musu kwat. Kamfanin Decca ya gwada su ranar 1 ga Janairu 1962 ya ce ba ya so. George Martin na Parlophone ya karɓe su. A watan Agusta aka sallami Pete Best aka ɗauko Ringo. Ranar 5 ga Oktoba faifansu na farko, "Love Me Do", ya fito, ya kai lamba 17 a jerin waƙoƙin Birtaniya.

To a wannan halin ne, ƙofar arziki ta fara buɗewa a gida, wata tsohuwar yarjejeniya ta tilasta musu komawa Hamburg su yi mako biyu a Star-Club, daga 18 zuwa 31 ga Disamba. Ba da son ransu suka je ba. A wurin akwai wani mawaƙin Liverpool, dogo ƙato, Ted Taylor da ake wa laƙabi da Kingsize. Shi ya sa mai kula da dandamali, Adrian Barber, ya kafa rikodar gida mai faifan tef da makirufo ƙwaya ɗaya. Taylor ya ce ya nemi izinin John, John ya ce a ɗauka in dai za a saya musu giya. Magana ce ta baka, babu takarda, babu sa hannu.

Ni dai na gaji nawa kwafin ne daga wani kawuna da ya yi karatu a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, ya dawo da akwati guda na faya-fayai. Faifai biyu ne a cikin kwali ɗaya, waƙa 26. Abin da ya fara kama ni shi ne gudu. Komai a guje suke yin sa, kamar waɗanda ake kora, ko kuma masu son su gama su tafi gida, wanda kuma gaskiyar ke nan. Daga cikin waƙoƙin biyu kacal ne nasu, "I Saw Her Standing There" da "Ask Me Why", sauran duk na aro ne. Za ka ji Paul ya ɗauko tsohuwar waƙar Marlene Dietrich yana lallashin Jamusawa da ita, can kuma su faɗa wa wata ta Fats Waller ta raha a kan mai manyan ƙafafu. John yana tsokanar 'yan kallo da gurɓataccen Jamusanci, yana canza kalmomin waƙa ya cusa ashar. George, wanda daga baya aka mayar shiru-shiru, a nan yana jan waƙoƙi da yawa da bakinsa. Ringo kuwa wata huɗu kacal da shigowarsa, amma ka ji yadda ya riƙe su kamar tare suka tashi. Duk wanda ke cewa sa'a ce kawai ta ɗauke shi, ya je ya saurari wannan faifan.

Labarin tef ɗin kansa ya isa littafi. Da Beatles suka shahara, Taylor ya kai wa Epstein, shi kuma ya ce ba shi da wata daraja a kasuwa, ya taya fam 20. Taylor ya ƙi, ya bar tef ɗin a ofishin wani injiniyan sauti a Liverpool, ya bar kiɗa ya koma sana'ar fawa. Ofishin ya zama kango. Sai a farkon shekarun 1970 aka tono tef ɗin daga cikin tarkace, kuma Allan Williams ɗin nan da ya fara kai su Hamburg yana cikin masu neman mai saye. Daga ƙarshe wani kamfani mai suna Lingasong ya mallake shi, aka kashe kuɗi mai yawa wajen gyaran sauti, aka fitar a 1977. A jikin kwalin aka rubuta wai a farkon 1962 aka ɗauka, kafin su sa hannu da EMI, don a kauce wa shari'a. Ƙarya ce da kunne ma ke kamawa, tunda Ringo ne a kan ganga. Beatles suka garzaya kotu a Landan don a hana fitarwa, alƙali ya ƙi. Sai a 1998, bayan an sauya dokar haƙƙin mallaka, suka sake kai ƙara suka yi nasara. George ya je kotun da kansa ya ba da shaida, inda ya nuna cewa mashayi ya ɗauki muryar 'yan'uwansa mashaya ba ya zama ciniki, kuma ko da John ya yarda, ba shi da ikon yarda a madadin sauran ukun.

Me ya sa mutane ke bin irin waɗannan faya-fayan har su zuba dukiya? Wani ɓangaren dai son mallakar abin da babu irinsa ne, kamar masu tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. A 2015 an sayar da kwafin Ringo na farin kundinsu na 1968, mai lamba 0000001, dala 790,000, alhali waƙoƙin da ke ciki su ne dai waɗanda kowa ke da su. Wannan ba ya burge ni, ciniki ne na masu kuɗi. Ɗaya ɓangaren shi ne wanda na fahimta, wato ƙishin jin mawaƙi a lokacin da bai san tarihi na saurarensa ba. Kasuwar faifan fasa-ƙwauri ta kankama ne a 1969 a Amurka, da wasu suka buga waƙoƙin Bob Dylan da bai fitar ba a cikin farin kwali babu ko suna. A ƙarshen shekarar wani ya shiga wasan Rolling Stones a Oakland da rikoda, ya ɗauka daga cikin 'yan kallo, faifan ya yi kasuwa har kamfaninsu ya fitar da nasa na halak a 1970. Haka ma a 1977, a watannin da na Star-Club ya fito, EMI ya fitar da wasan Beatles na Hollywood Bowl da aka ɗauka a 1964 da 1965. Shi wannan ya fi tsabta, amma ihun 'yan mata dubbai ya cika shi, su kansu makaɗan ba sa jin junansu. A Star-Club babu mai ihu saboda su. Jama'a na shan giyarsu, yara huɗu na neman abincinsu.

Ga inda abin ke damuna. George yana da gaskiya, kuma mu masu karatun littattafan Hausa mun fi kowa sanin haka. Marubuciya ta ɓata dare da rana ta rubuta littafi, ta ci bashi ta buga, kafin ta mayar da kuɗinta wani ya zauna ya kwafe shi kaf ya watsa a wayoyi, wani lokacin ma har ya goge sunanta. In ka yi masa magana ya ce ai taimakon adabi yake yi. Haka Lingasong ya ce tarihi yake adanawa, amma kuɗin aljihun wa ya shiga? Ban da kuɗi ma akwai mutunci. Wane marubuci ne zai so a ɗauko littafinsa na makaranta da ya yi wa gwaji yana ɗan shekara 19, da kurakuransa da komai, a buga da sunansa a kai kasuwa ba a tambaye shi ba? Mutum yana da haƙƙin zaɓen fuskar da zai fita da ita.

Sai dai kuma in na tuna Alhaji Mamman Shata, sai bakina ya yi nauyi. Tun rasuwarsa a 1999 babu wanda ya iya faɗin adadin waƙoƙinsa, domin da yawansu a nan take ya ƙirƙire su, a gidan biki ko a gaban wani basarake, bai kuma sake maimaita su yadda suke ba. Waɗanda suka tsira, ban da na gidajen rediyo da na kamfani, sun tsira ne saboda wani ya ajiye rikodarsa a gefen tabarma ya danna. Shin ya nemi izini a rubuce? Ko kusa. Da za a ce a tattara duk waɗannan kaset ɗin a ƙone saboda babu takarda, wallahi da ni za a yi zanga-zanga. To da wane baki zan ce a ƙone na Hamburg? Daga cikin dare fiye da 250 ɗin nan da John ya ce a cikinsu suka yi mafi kyawun wasansu, 'yan sa'o'in da ke kan wannan tef su ne kusan duk abin da ya rage mana mu ji, su ma ɗin na kwanakin ƙarshe ne, lokacin da zuciyarsu ta riga ta koma gida.

Matsayina dai shi ne, kotu ta yi daidai da ta mayar wa masu abu abinsu, amma masu abun ba su kyauta ba da suka kulle shi. Sun nuna sun san hanyar, domin a 1994 sun fitar da wasanninsu na gidan rediyon BBC, a 1995 sun fitar da faifan sule 17 da sisi da ma wasu daga waƙoƙin gwajin Decca. Fasahar raba sauti da ƙungiyar Peter Jackson ta ƙera lokacin aikin fim ɗin Get Back na 2021, wadda aka yi amfani da ita aka tsamo muryar John daga wani tsohon kaset aka fitar da "Now and Then" a 2023, ta nuna cewa munin sauti ya daina zama hujja. An harbe John a 1980, George ya rasu a 2001, maganar yanzu tana hannun Paul da Ringo da magadan waɗancan biyun. Ni dai ina nan ina jira, ko da yake ina tsoron kada a goge shi fiye da kima har ƙarar kwalaben ta tafi.

In Allah Ya sa ka ci karo da faifan, nemi wurare biyu da muryar da ke waƙa ba ta ɗaya daga cikin huɗun ba ce. Ɗaya Horst Fascher ne, tsohon ɗan dambe mai kula da kulob ɗin, wanda ya sha kare su daga 'yan daba, ya hau ya rera waƙar Ray Charles. Ɗayan kuma ƙanensa Fred, mai raba giya, ya ajiye faranti ya karɓi makirufo ya yi "Be-Bop-A-Lula" da Turancinsa na Bajamushe, su John na kaɗa masa a baya. Kwana 11 bayan sun sauka daga wannan dandamalin "Please Please Me" ta fito a Ingila. Star-Club kuwa an rufe shi a ƙarshen 1969, daga baya gobara ta ci ginin aka rushe shi.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.